Naman da maharbi ba ya sayarwa

1/
Duk ranar da aka tayar da musun naman daji a nan, amsar ɗaya ce: barewa. Har waɗanda ba su taɓa ganin barewa ba sai a hoto ko a gidan zu, su ma barewa. To ni dai ban yarda ba, kuma yau sai na faɗi dalilina. Ku gyara zama, zaren yana da ɗan tsawo 🧵

2/
In kana son sanin naman da maharbi ya fi so, kada ka tambaye shi, don amsar da za ta ƙara masa girma zai ba ka. Ka dai sa ido a kan jakarsa in ya dawo daga daji. Akwai abin da yake kai wa dillali ko ya ɗaga a bakin titi. Akwai kuma wanda yake miƙa wa uwargida shiru, ko maƙwabci bai gani ba. Na biyun nan shi ne amsar.

3/
Dangin mahaifiyata maharba ne, na ɗan ga yadda ake wannan rabo. Abin da ke shiga tukunyar gida kusan kullum ƙanana ne: zabon daji, fakara, gada, sai beguwa in an yi sa'a. Manyan nan masu suna kuwa, kuɗi ake nema da su, ko yabo.

4/
Kafin mu yi nisa bari mu raba abu biyu da 'yan birni ke cakuɗawa. Akwai ɗan farauta, na gayya ke nan: da rani bayan an kwashe amfanin gona, a fita da karnuka da gora, da kiɗa da kirari, wani lokaci ƙauyuka da yawa a haɗe. Akwai kuma maharbi: shi kaɗai ko su biyu, da bindigar toka ko kwari da baka, ya kwana a bago yana jiran dabba ta zo shan ruwa. Na da can har kan burtu suke ɗaurawa a goshi, su duƙa suna kwaikwayon tafiyar tsuntsun har su kusanci garke.

5/
Wannan bambancin yana taɓa ɗanɗano kai tsaye. Dabbar da karnuka suka kora har ta galabaita ta riga ta ƙone sukarin da ke ajiye a tsokarta, sai naman ya yi duhu, ya yi wani danƙo-danƙo, kuma ya fi saurin lalacewa. Wadda aka harba tana tsaye tana kiwo, namanta daban ne. Shi ya sa za ka ji mutum biyu suna musu a kan gada, wannan na yabo wancan na kushe, alhali kowa gaskiyarsa yake faɗa.

6/
To a wajena, da wajen mafi yawan maharban da na sani, sarki shi ne zabon daji. Eh, zabo. Na san wasu har sun turo baki.

7/
Kada ka auna shi da zabon gida da ya saba da dusa da tsaki. Na daji yini yake yana yawo da ƙafa, yana tsintar gara da fara da 'ya'yan ciyawa, da kaka kuma ya samu gero da dawar da suka zube a gona. Namansa ja ne sosai, babu kitsen da zai gundure ka, ga wani garɗi da ba ya neman taimakon Maggi. A bar shi ya daɗe a wuta da citta da masoro da kimba da 'yar daddawa. Wallahi romon kaɗai ya isa a yi rigima a kansa.

8/
Kuma ba banza ake samunsa ba. Garken zabi in ɗaya ya hango ka, ya yi wannan kukan nasu mai tsaga kunne, shi ke nan ka yi asarar yininka. Dole ka san bishiyar da suke kwana da inda suke shan ruwa da safe. Wanda ya sha wannan wahalar a kan tsuntsu ɗaya, da wuya ya ba ka shi a kuɗin da za ka taya.

9/
Fakara ƙanwarsa ce a daɗi, sai dai ba auki. Ita ko gida ba ta cika isowa ba, a daji ake gasa ta a cinye.

10/
Yanzu barewa da gada. Barewa kyau gare ta, da gudu, da suna a karin magana: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma ka sa ta a tukunya ka gani. Tsoka ce zalla, ba maiƙo, in mai girkin ya yi sake kaɗan ta bushe ta koma kamar igiya. Ba na cewa ba ta da daɗi. Cewa nake sunanta ya fi namanta.

11/
Gada kuwa ba mai yi mata waƙar kyau, ga ta 'yar ƙarama tana sunkuyar da kai tana faɗawa duhuwa. Amma ganye take ci da 'ya'yan itatuwa da suka faɗo, namanta ya fi laushi, kuma in aka yi bandarta ta sha hayaƙi, miyar kuka ko ta kuɓewa da aka jefa ta ciki ba a kwatantawa. Maharbi zai iya sayar maka da cinya ɗaya. Ka tambaye shi ina ɗayar take.

12/
Sai beguwa, wadda a nan ne maharba da kansu suke rabuwa gida biyu. Masu sonta ba sa haɗa ta da komai. Dabba ce mai cin saiwa da rogo da dankali, shi ya sa manoma ke jin haushinta, kuma shi ya sa take da ƙiba. Babba tana haura kilo 15. In aka cire ƙayoyin aka babbake, fatar nan mai kauri ita ce abin nema, ta dahu ta yi taushi kamar ganda amma ta fi ganda maiƙo.

13/
Masu ƙinta kuma sun ce maiƙon ya yi yawa, loma biyar ka ji ya hau maka kai. Ni ina tare da na farko.
(Af, zancen nan cewa beguwa tana harba ƙaya kamar kibiya ba gaskiya ba ne. Da baya take aukowa ta soke ka, ƙayar ta cire ta zauna a jikinka. Karnukan farauta sun fi kowa sanin wannan.)

14/
Zomo naman samari ne da 'yan gayya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Daɗinsa rabi a nama yake, rabi a labarin yadda kare ya murɗe shi. In ka cire labarin, nama ne mai kyau amma ba wani abin a zo a gani ba.

15/
Gyazbi fa? Wannan ƙaton mai kama da ɓera da ke cin rake da ciyawar fadama. A kudancin Najeriya da Ghana da Benin shi ne kan gaba a kasuwar naman daji, har kiwonsa ake yi a keji kamar zomon gida. Mu nan da yawa ƙyama muke yi saboda siffarsa. Maharban fadama da suka san shi dariya kawai suke mana.

16/
Damo ma yana da mutanensa, sun ce kamar kaza. Ni dai na bar musu.

17/
Masu tambayar halal da haram: alade na daji da gadu ba zance, maharbi Musulmi ba ya ci. Masu farautar da ba Musulmi ba kuwa suna sa gadu a sahun gaba, wannan gaskiya ne. Zomo da bushiya suna cikin abin da littattafan Malikiyya suka lissafa a halal. Sharuɗɗan bisimilla da yanka da kamun kare, wannan ku je wajen malamai. Abu ɗaya da nake so ku riƙe: Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta sa farauta don wasa kawai a cikin makaruhi.

18/
To manyan fa, su ɓauna da gwanki da kanki? Waɗannan naman kirari ne. Tsohon ɓauna sai ka ƙarar da itacen gidanku bai yi laushi ba. In an kashe irinsu gari ne ke rabawa, maharbin abin da ya fi damunsa hanta da zuciya, a gasa tun a daji, sai kuma sunan da zai bi shi har jikokinsa. Yau ma ina suke? Sai a wuraren da aka killace irin su Yankari da Kainji da Gashaka Gumti, inda harbinsu laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

19/
A nan ne zancen ya daina zama na santi. Ku duba jerin nan da kyau. Abin da maharbi ya fi jin daɗin ci, yawanci shi ne abin da daji ya fi saurin mayarwa. Abin da mu masu saye muke nema da suna, shi ne wanda in ya tafi ya tafi.

20/
Lissafin ba wuya. Zabuwa tana zuba ƙwai kusan goma ko fiye a sheƙa ɗaya, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 28 ko ƙasa da haka. Gyazbi cikinsa wata 5, ya haifi kamar huɗu a lokaci ɗaya. Barewa cikin wata 6 take yi ta haifi ɗa ɗaya tal. Ɓauna wata 11, ita ma ɗaya. Ka harbe barewa mai ciki da rani, ka kashe biyu, ka kuma kashe na baɗi.

21/
Gada ma ɗaya take haifa, kada wani ya ce na yi son kai. Abin da ya ɗan cece ta shi ne iya ɓuya da iya zama kusa da gonaki. Ita ma in aka ci gaba da zuba mata tarkon waya a kowace hanya, za ta bi sahu.

22/
Kuma wa ke sa maharbi ya bar zabon da yake so ya bi barewar da ta rage? Mu ne. Alhajin da ke son a ce an ci barewa a walimarsa. Mai gidan da ke son 'yar barewa mai rai tana yawo a tsakar gida don baƙi su ɗauki hoto, bai tambayi yadda aka raba ta da uwarta ba. Da masu neman kan ungulu da sassan kura don tsibbu. Tsakani da Allah, yaushe rabonka da ganin ungulu a mayankar garinku?

23/
Na san abin da za a ce: talaka ne, da me zai ci? Gaskiya ne, kuma ban zo in zagi maharba ba. Mutanen nan su ne suka san daji, su ne a Adamawa da Borno suka ɗauki bindigar toka suka tsaya wa garuruwansu lokacin Boko Haram. Amma daji in ya ƙare, su ne farkon shan wahala, ba mai saye ba.

24/
Dazukan da suka rage a arewa, da yawa yanzu ba su shiguwa saboda 'yan bindiga. Na kusa da gari kuma an mayar gonaki da gawayi. Sai maharbi ya ɗauki karnukansa ya hau babbar mota ya nufi kudu. Ba mu manta da Uromi ba, a jihar Edo, watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 a hanyarsu ta komawa gida Kano yin sallah. Allah ya jiƙansu. Alhakin jininsu na kan waɗanda suka kashe su. Amma ya kamata mu tambayi kanmu me ya sa sana'ar da kakanninsu suka yi a bayan gari yanzu sai an keta ƙasa.

25/
Kuma dabba tana dawowa in an ƙyale ta. Raƙuman dawan Nijar, na yankin Kure kusa da Yamai, a 1996 saura 49 kacal. Aka hana taɓa su, mutanen ƙauyukan suka shiga cikin tsaron, yanzu sun haura 600. Nan kusa da mu ne fa, ba Turai ba.

26/
Abu biyu da ke ba ni haushi a namu ɓangaren matasa. Na farko cinna wa daji wuta don gafiya. Gafiya nawa za ka kama? A kanta an ƙone ciyawar dabbobi, da sheƙar tsuntsaye, wani lokaci da amfanin gonar wani da bai gama kwashewa ba.

27/
Na biyu guba. Akwai masu zuba maganin ƙwari a hatsi ko a bakin ruwa su kwashe tsuntsaye a mace. Wannan ba farauta ba ce, kuma mushe ne. In ka ga an tara maka zabi ko kurciyoyi da yawa, ba alamar harbi ba alamar tarko, ga araha, ka kama gabanka.

28/
Tunda mun zo kan lafiya: zazzaɓin Lassa sunan garin Lassa na jihar Borno ya ci, inda aka fara gano shi a 1969, kuma ɓera ne ke ɗauke da shi, ya fi tashi da rani, daidai lokacin da yara ke haƙar ramuka. Ƙyandar birin da ta ɓulla a Amurka a 2003, daga dabbobi dangin ɓera da aka kai daga Ghana ta samo asali. Haɗarin ya fi yawa wajen fiɗa da taɓa jini da hannu mai ciwo. Kada mu jira sai an koma irin firgicin Ebola na 2014, da aka tashe mu cikin dare wai a yi wankan gishiri 😅

29/
Abin da nake roƙo ba shi da yawa. In ka tsaya a hanya za ka sayi naman daji, nemi zabo ko zomo ko gyazbi, ka tabbata yankakke ne, ka dafa shi ya dahu sosai. Da damina, lokacin da zabi ke kwanci, a bar su da ƙwansu. In aka ɗago maka 'yar barewa mai rai, kada ka taya, ko da tausayi ne ya kama ka, don kuɗin da ka bayar shi zai sa a koma a nemo wata.

30/
'Ya'yan maharba da ke nan, musamman na Taraba da kudancin Bauchi da Damagaram, ku zo ku faɗa mana abin da ake ɓoyewa a jaka a gidanku. Masu cewa damo ya fi beguwa kuma ina jiranku, amma ku zo da hujja.