Mai Son Ɗansa Ya Zama Likita Ya Bar Shi Ya Yi Karatu

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne wata ƙara da aka kawo zauren Liman ran Jumma'ar da ta wuce. Wani ɗan'uwanmu mai kanti ya zo da littafin 'yarsa na ilmin halittu, wanda 'yan makaranta ke kira bayoloji. Ya buɗe, ya nuna zanen mahaifar mace, ya rantse sai ya fid da yarinyar daga makaranta. Alhali kuwa shi ne bara ya bi gida gida yana shelar 'yarsa ta sami ajin kimiyya a babbar sakandare, za ta zama likita. To, ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a fili.

Mu dai ba mu shiga ajin boko ba, allo muka wanke. Amma mun kira yaranmu masu wannan karatu, mun zaunar da su, sun nuna mana abin da ake nema gare su. Shekara 3 ake yi. A ƙarshe hukumar WAEC ta yi musu jarrabawar WASSCE, bayoloji kuwa takarda 3 ne. Ta fari tambaya 50 ce ta zaɓen amsa. Ta biyu rubutu ne, yaro ya yi bayani da kansa. Ta uku aikin hannu ne: a ajiye masa ƙashi, ko ganye, ko kyankyaso, ya duba, ya zana da fensir, ya sa wa ko wane sashe sunansa, ya faɗi aikinsa. Kafin nan sai ya iya duba ƙwayar halitta a madubin nan mai ƙara girma, ya san cewa in an ɗiga aidin a kan rogo ya yi baƙi, akwai sitaci ke nan. Sakamako daga A1 ne har F9. Jami'a ba ta karɓar abin da ya gaza C6, kuma makarantun likita na Korle Bu da Kumasi da Tamale sai wanda ya tara A1 rututu suke dubawa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

To, ina gudun? Tun 2017 Gwamnati ta ɗauke kuɗin babbar sakandare, muka yi murna. Amma Gwamnati ba ta iya ba yaro lokaci, wannan yana hannun iyaye. Yaron da ke kwana gida, da ya dawo a ce ya tsare kanti har Isha. Yarinya kuwa ta ɗebo ruwa, ta tuƙa tuwo, ta ɗauki tiren talla. Sa'ad da za ta buɗe littafi barci ya riga ya ci ƙarfinta. In sakamako ya fito da D7 sai uban ya ce an yi mata sammu. Ba sammu ba ne, Alhaji, kantinka ne.

Sai mu koma kan zancen kunya. Muna tambayar masu cewa wannan karatu ɓata tarbiyya ne: a ina muka fara jin hukuncin haila da jinin biƙi da janaba? Ba a Ahalari da Ishmawi da Risala ba? Malamanmu sun karantar da mu waɗannan babobi ba su rufe littafi ba, ba wanda ya ce sun ɓata mu. Kuma mu da muke mahauta a mayankar Kumasi da ta Ankara, mu da muke feɗe rago ran Layya yara na riƙe da ƙafa, yau mu ne za mu ji ƙyamar a buɗe cikin ɓera a ɗakin gwaji? Ibn al-Nafis, malamin fiƙihu kuma likita a Misra, wanda ya rasu a 1288, shi ya bayyana yadda jini ke fita daga dama ga zuciya, ya bi ta huhu, sa'an nan ya komo hagu. Bai gano wannan da kau da kai ba.

Wasu kuma suna kawo zancen Darwin da littafinsa na 1859, gama akwai babinsa a cikin karatun. Gaskiya ne akwai. Amma yaron da aka hana shi ji a aji zai ji a wayarsa, ba malami kusa. Gara ya karanta, ya fahimci abin da masanan suka ce da hujjarsu, in wani abu ya shige masa duhu ya zo zaure a tattauna. Ƙofar Liman ba ta rufe ba.

Ku dubi amfanin da ke ciki. Wata yarinya ta zana mana gida huɗu a takarda, ta nuna cewa in mai jinin AS ya auri mai AS, ko wane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zuwa da SS, watau ciwon sikila. Gida nawa a zangon nan suka binne 'ya'ya ana cewa mayu ne? A Kumasi nan Dokta Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai don wannan ciwo a 1995, amma har yau akwai masu ɗaura aure ba su san jininsu ba. Wannan karatu ne kuma ke nuna cewa macen sauro ce ke kawo zazzaɓi, a ruwan da ya kwanta take ƙwai, irin na lambatunmu. Waɗanda suka ga kwalarar 2014 a Ankara sun san abin da ruwa marar tsabta ke yi.

Abin mamaki, masu hana 'ya'ya mata wannan karatu su ne masu kukan cewa namiji ya duba matansu a asibiti. To, daga sama likita mace za ta faɗo? Tsohuwarmu ta je asibitin Komfo Anokye tana neman mai jin Hausa, wa zai amsa mata in mun tsare 'ya'yanmu a bakin kanti?

Saboda haka ga roƙonmu. Ko wane gida mai ɗan kimiyya ya ba shi sa'a 2 bayan Isha, ba aike, ba talla. A saya masa fensir da littafin zane, a bar masa fitila. Aikin gida a raba shi tsakanin maza da mata. In jarrabawa ta ƙarato a nemi wani ya tsare kanti. Ɗan'uwanmu mai ƙara kuwa, Liman ya mayar masa da littafin, ya ce ya kai wa mai shi. Muna jira mu ga ko ya kai.

Allah ya sa mu gane, amin. Wassalam.

Magatakardan Liman