Zumunta a ƙafa take: Guruf ɗin WhatsApp ba zai maye gurbin haɗuwar ma'aikata ba

Ƙananan kamfanoni da dama a Kano yanzu ba su da wani ofishi da ya wuce guruf ɗin WhatsApp. Mai kamfanin yana kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut, mai lissafin kuɗi tana gida da kwamfutarta, yaran da ke girka sola ko riƙe na'urar POS kuma suna warwatse a Gwarzo da Kiru da Karaye da Rogo. Da safe a turo umarni, da yamma a turo hoton rasit. Data ta fi kuɗin mota araha, aiki kuma yana tafiya.

Sai dai wannan tsari yana cin wani abu a hankali ba tare da an lura ba, wato sabo da amana tsakanin waɗanda ke aikin. Saboda haka duk kamfanin da ke tafiyar da mutanensa ta waya ya kamata ya riƙa tara su wuri guda, nesa da shago ko ofis, aƙalla sau biyu a shekara. Kuma wurin taron ya zama can inda kayansa ke aiki, ba ɗakin otal mai sanyi a cikin birni ba.

Abin da saƙo ba ya ɗauka

Saƙon rubutu yana kai umarni, amma ba ya kai yanayin fuska. Idan manaja ya rubuta "me ya sa cinikin jiya ya yi ƙasa?", shi tambaya ya yi, wanda ke Rogo kuwa zargi ya karanta. Zai amsa da "za a gyara insha Allah", ya yi shiru da ainihin dalilin: sabis ya ɗauke tun azahar, batirin na'urar ya fara kumbura, ko kwastomomi sun koma wajen wani wakilin da ya rage caji. A guruf mai mutum talatin, ƙaramin ma'aikaci ba ya son ya zama shi ne mai ƙorafi a gaban oga, musamman da yake rubutu ba ya gogewa daga wayoyin mutane kuma ana iya ɗaukar hotonsa a tura wani wuri.

Wannan ba matsalar Kano kaɗai ba ce. A shekarar 2021 mujallar Nature Human Behaviour ta wallafa wani bincike da aka yi a kan ma'aikatan Microsoft fiye da 61,000 a Amurka, bayan cutar korona ta mayar da su aiki daga gida. An gano cewa kowa ya ƙara manne wa 'yan sashensa, hulɗa tsakanin sassa daban-daban ta ragu, an kuma koma dogaro da saƙonni maimakon magana kai tsaye. Shi ma Google, da ya yi nazarin rukunonin ma'aikatansa 180 a wani shiri da ya fara a 2012, abin da ya samu a kan gaba shi ne: rukunin da ya fi ƙoƙari shi ne wanda ɗansa zai iya faɗin kuskure ko yin tambaya ba tare da tsoron a ci masa fuska ba.

Irin wannan sakewar ba a sauke ta daga Play Store. Da zama ake samun ta, da cin tuwo a kwano ɗaya, da tsayawa sahu ɗaya a sallah. Shi ya sa kamfanin Automattic, mai shafin WordPress.com, wanda ma'aikatansa ke aiki daga ƙasashe barkatai, ya shafe shekaru yana tara su wuri guda na kusan mako ɗaya a kowace shekara. Mutanen da intanet ce sana'arsu su ne suka fi kowa sanin iyakarta.

Darasin Kusalla

Ba sai an je Amurka neman misali ba. A gefen madatsar ruwa ta Kusalla da ke Karaye ne sansanin dindindin na masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake. Matashin da ya gama jami'a yana yin rajista ta intanet, ya cire takardar kiransa ta intanet, amma dole ya ɗauko jakarsa ya zo Karaye ya yi mako uku da mutanen da bai taɓa gani ba, daga Enugu ko Ibadan ko Kalaba. Tun 1973 da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bayan yaƙin basasa, manufar ita ce a saba da juna. Ko a 2020 da korona ta sa aka rufe sansanonin a watan Maris, ba a mayar da zaman sansani ya koma ta bidiyo ba, sai da aka jira aka sake buɗewa a watan Nuwamba.

Duk wanda ya yi hidimar ƙasa ya san guruf ɗin 'yan sansani yana daɗewa da rai. Dalili kuwa shi ne haɗuwar ce ta haifi guruf ɗin, ba guruf ɗin ne ya haifi haɗuwar ba. Kamfanoni da yawa sun juya wannan tsari, sun tara baƙin juna a waya suna jiran su zama 'yan'uwa.

Me ya sa Karaye ko Rogo?

Taron da aka yi a otal a cikin Kano yana gyara zumunci. Wanda aka yi a Karaye ko Rogo yana gyara zumunci, ya kuma gyara kaya. Gani ya kori ji. Mai tsara manhaja da ya saba da intanet mai gudu a ofis, ranar da ya tsaya a bakin madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙaramar hukumar Karaye, ya ga mai noman rani ko masunci yana ƙoƙarin tura kuɗi da ƙaramar waya mai ɗan guntun sabis, ranar zai gane dalilin da ya sa nauyin manhajarsa yake korar mutane. Mai sayo kaya zai ga yadda ƙurar hunturu ke lulluɓe farantin sola ta rage masa ƙarfi. Mai lissafi za ta ga cewa a garin kan iyaka kamar Rogo, da ke maƙwabtaka da jihohin Kaduna da Katsina, ranar kasuwa da lokacin kaka su ne ke juya buƙatar tsabar kuɗi, ba ƙarshen wata na 'yan albashi ba.

Akwai kuma batun mutunci. Kullum wakilin ƙauye ne ke hawa mota ya je birni a yi masa faɗa. Ranar da oga ya zo garinsa, shi ne mai masauki, shi ne ya san hanya, shi zai kai baƙi gaisuwa wajen mai unguwa. Mutumin da aka girmama a gaban 'yan garinsu ba ya saurin ajiye na'urar kamfani don wani ya ƙara masa ɗan kamasho.

Masu cewa asarar kuɗi ce

Suna da hujja. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗaukar hayar mota ɗaya ma sai an yi lissafi, kuma yinin da aka rufe shago yini ne na rashin ciniki. An kuma ga tarurrukan da ba a tsinana komai a cikinsu sai dogon jawabin shugaba, rabon riguna masu tambari da ɗaukar hotunan Facebook. Irin wannan taron gara a bar shi.

Amma a auna da ɗaya ɓangaren. Ma'aikacin da ya tafi yana tafiya da kwastomominsa, sabon da za a ɗauka sai an koya masa aiki daga farko, kuma matsalar da aka ɓoye wata shida ta fi kuɗin motar yini guda tsada. Karaye tafiya ce da ake zuwa a dawo a rana ɗaya daga Kano. Inuwar mangwaro da tabarmi da tukunyar shinkafa sun isa.

Yadda taron zai yi amfani

Na farko, a tara wayoyi a kwali ɗaya na awa biyu ko uku, har da ta oga. Na biyu, ƙananan ma'aikata su fara magana, shugaba ya yi ta ƙarshe, domin idan ya fara kowa zai bi bayansa da "haka ne". Na uku, a zaɓi matsala biyu ko uku kawai, a tashi da sunan wanda zai gyara kowacce da ranar da zai gama.

A kuma duba halin mutane. A yi taron da rana a dawo kafin magariba, bayan an tuntuɓi 'yan gari kan yanayin hanya, don mata ma'aikata da masu iyali su samu zuwa cikin natsuwa. A guji tsakiyar damina, lokacin da yawancin wakilan karkara ke gona. Kamfani ne zai biya kuɗin mota da abinci, kuma kada a cire ranar daga albashin kowa.

Matashin da ke aiki a irin wannan kamfani ba sai ya jira oga ya kawo shawarar ba. Yana iya rubuta ta yau a guruf ɗin, ya haɗa da lissafin mota da abinci da ranar da ta dace. Wayar za ta ci gaba da ɗaukar aikin yau da gobe kamar yadda ta saba, sai dai bayan an dawo daga Karaye, kowace lamba da ke cikin guruf ɗin ta zama mutumin da aka sani.