Zancen Gida: Babban Kantin Titin Gidan Zoo

A wannan wata zancenmu a kan wani gini ne wanda kowane mutumin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya sani, watau babban kantin nan na titin Gidan Zoo. Sunansa na yanka Ado Bayero Mall, amma jama'a suka laƙaba wa ginin duka sunan babban ɗan hayarsa, Shoprite. Da ka faɗa wa mai a-daidaita-sahu haka, sai ya ce ka hau.

Domin mu gane labarin ginin nan sai mu ɗan koma baya. Kano ta san ciniki tun kafin a san kanti, gama Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Can ciniki na baki ne, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kamfanonin Turawa irin su John Holt suka kafa kantuna kusa da tasha, suna sayen gyaɗa da fatu, suna sayar da yadi da kananzir. Mutanen Labanan kuma suka zauna a Fagge, inda Kantin Kwari yake. A 1948 kamfanin UAC ya buɗe Kingsway a Ikko, daga baya ya kawo reshe Kano. Dattawanmu suna tuna Kingsway da Leventis, inda kuɗin kowane abu yake a rubuce, ba tayi, ba ragi. Amma da kuɗin man fetur ya faɗi bayan 1980, aka ƙuntata shigo da kaya, aka kuma karya darajar naira a 1986, sai kantunan nan suka yi ta bushewa har suka rufe.

An jima Kano ba ta ga irinsu daga waje ba, sai a watan Maris 2014 aka buɗe wannan gini na titin Gidan Zoo. Aka sa masa sunan Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1963, ya kuwa rasu a watan Yuni na shekarar da aka buɗe ginin. Manyan 'yan hayarsa biyu, Shoprite da Game, duka daga Afirka ta Kudu suka zo. Wa zai manta da cunkoson kwanakin farko? Ga sanyi, ga haske, ga burodi mai zafi, ga keken tura kaya wanda yara suke rigima a kansa. Lokacin Kirsimati da Salla iyalai suka riƙa zuwa da sabbin tufafi, waɗansu ma ba sayayya ta kai su ba, kallo ne da ɗaukar hoto.

Shekara goma ba ta cika ba labari ya sake. A 2021 masu Shoprite na Afirka ta Kudu suka sayar da kantunansu na Nijeriya ga 'yan kasuwan ƙasar nan. Game ya tattara nasa ya tafi. A 2023 aka cire tallafin man fetur, naira ta sake faɗuwa, kuɗin hannun masu saye ya ƙanƙance. Irin wannan kanti kuwa ba ya rayuwa sai da injin wuta da firji dare da rana, ga kuɗin haya. A watan Janairu 2024 Shoprite ya rufe ƙofarsa a Kano, ma'aikatansa suka koma neman abin yi. Abin da ya sami Kingsway shi ya same shi.

To, ina darasinmu a ciki? Ku dubi lungun gidanku. Akwai ɗan shago mai ƙyauren kwano, da tsohon littafi a ƙarƙashin teburi inda ake rubuta bashi. Shagon nan yana nan kafin a aza tubalin babban kanti, yana nan kuma bayan an kashe fitilunsa. Shi ne yake ba uwargida sukari da sabulu ran ashirin ga wata, a kan alkawarin maigida zai biya in an yi albashi. Babban kanti bai taɓa ba kowa ko ashana bashi ba, bai kuma san sunan yaranmu ba.

Abin baƙin ciki, akwai gidajen da in albashi ya shigo sai su kwashi tsabar kuɗi su kai babban kanti, sa'an nan su canza hanya don kada mai shago ya gan su. Shi kuwa jarinsa kaɗan ne, da shi yake komawa Kasuwar Singa ya saro kaya. Gida biyar suka riƙe masa kuɗi, sun karya shi ke nan. Ku lura kuma, a unguwanninmu sau da yawa mai shagon nan maƙwabcinmu ne Musulmi. Ba ya zuwa sujada ya ji wa'azin fasto. Abin da ya sani game da Kirista a littafin bashinsa yake karanta shi, shafi shafi.

Ba mu ce shiga babban kanti laifi ne ba. Abin da muke roƙo shi ne, ranar albashi a fara da mai shago. In kuɗin bai isa ba, maigida ya tafi da ƙafarsa ya ce, "Malam, ga rabi, sauran sai ran kaza," ya kuma cika ranar. A bar aiken yaro karɓo bashi, domin kada ya tashi yana zaton kayan shago kyauta ne. Da dare wajen addu'ar iyali ku buɗe Zabura 37 ku karanta aya ta 21 tare da yara, gama ta yi magana a kan mai cin bashi da ba ya biya. Ku kuma tuna da waɗanda suka rasa aiki sa'ad da aka rufe kantin nan.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.