Filasta Ba Ta Maganin Harsashin Da Ya Nutse

Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufta a kan masu sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an ga tsaga a ginin kwana ɗaya kafin nan.

Irin wannan gargaɗi na nan a bangon gidaje da dama, kuma abin takaici shi ne yadda matasa 'yan uwa suke karɓarsa. Saurayi ya ga ɗakin da zai sa amarya ya tsage, sai ya sayo siminti ya shafe, ya bi da fenti.

Ba kowace tsaga ce ta harsashi ba. Siririya kamar gashi yawanci a filasta ta tsaya. Amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga, tana bin layin bulo kamar matakala, ga ƙofa ta fara cijewa, daɓe ya karkata, wannan alama ce ƙasa ta janye a ƙarƙashin wani ɓangare. Gwajin ba ya cin kuɗi: a ɗana ɗan siminti a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe. In ya sake rabewa, ginin bai daina motsi ba.

Galibi ruwa ne mai laifin: indararon da ke zuba a gindin bango, famfon da ke yoyo, shaddar da aka haƙa dab da katanga. Wani kuwa tun ran gini, an ɗora shi a kan kududdufin da aka cike da shara, ko baƙar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani.

Sai an kawar da ruwan ake maganar gyara. Sannan injiniya ya duba, a tokare ginin, a haƙa ƙarƙashin harsashin kaɗan-kaɗan, misalin mita 1, a zuba kankare, a bari ya kama kafin a taɓa na kusa da shi. 'Yan aikin gayya su kula, ƙwazo ba ilmi ba ne. Haƙe gindin bango gaba ɗaya shi ke kayar da shi.

Wanda kuwa ya rufe tsaga da fenti don ya sayar ko ya ba da haya, ya ɓoye aibi, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar masa da abinsa.