Dandalin Yara: A Yi Gayya, A Kuma Yi Takarda

Da wuya a sami tsohon gari a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan wanda ya kafu bai bar wa yaransa fili ba. Daga Hunkuyi zuwa Likoro, daga Gimi zuwa Gubuchi, daga Paki zuwa Auchan, tsarin kusan ɗaya ne: ga masallaci, ga ƙofar gidan mai gari, ga kasuwa ko 'yar tasha, ga kuma dandali. A nan samari ke kokawa bayan an kawar da amfanin gona, yara maza su yi langa, 'yan mata su yi gaɗa da carafke a farin wata. Ba gwamnati ce ta yanka filin ba, ba kuma ita ke share shi ba. Sarkin samari ne ke sa a yi shela, gari ya waye kowa ya fito da fartanyarsa, kafin rana ta take an gama.

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a dawo da wannan aikin gayya gadan-gadan. Muna kuma ganin gayyar ba za ta wadatar ita kaɗai ba, domin abin da ke cin dandali a yau ya wuce ciyawa.

Ƙidayar 2006 ta nuna Ikara na da mutane kusan 194,000, Makarfi kimanin 146,000, Kudan kuma kimanin 139,000. Jariran da aka ƙidaya a wancan lokaci yanzu wasunsu sun yi aure, suna neman inda za su kafa ɗaki. Ƙasa ba ta ƙaru ba. Duk filin da ke tsakiyar gari ba kowa a kai, idon masu neman fuloti na kansa. Ba a cinye shi rana ɗaya. Wani ya jibge bulo a gefe, ya ce na ɗan lokaci ne. Wani ya kafa rumfar cajin waya. Maƙwabci ya matso da katangarsa taku uku. Ranar da aka farga, magadan wanda ya ba da filin tun zamanin kakanni sun zo raba gado, babu kuma ko rubutu ɗaya da ke nuna cewa marigayin ya bar wa gari. Dattawan da suka shaida kyautar sun riga mu gidan gaskiya.

Inda filin ya tsira daga gini, sai ya faɗa hannun sana'a. Yankin nan yankin noma ne, kuma muna alfahari da hakan: raken Makarfi da mazarƙwailarta sun yi suna, tumatirin Ikara shi ya sa aka kafa kamfanin sarrafa shi a garin, Hunkuyi da kewayenta ba sa rabuwa da kayan lambu. Amma da kaka filin yara ne masussukar masara da waken soya. Da rani shi ne wurin shanyar tumatir da barkono, shi ne kuma inda manyan motoci ke juyawa su yi lodi, su bar ramuka da tayoyinsu. Da damina ramukan su cika da ruwa, ciyawa ta kai gwiwa, ƙarangiya da tsidau su mamaye gefe, a riƙa zubar da shara da fasassun kwalabe a lungun da ba mai kallo. Yaron da ya rasa dandali ba zama yake yi a ɗaki ba. Bakin titi yake komawa da ƙwallonsa, inda babura ke gudu, ko ya nufi kududdufin da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Duk uwar da ke ƙauye ta san fargabar kududdufi a watan Agusta.

Muna jinjina wa samarin da ba su jira kowa ba. A garuruwa da dama su ne ke haɗa kuɗin karo-karo su sayo ƙarfe, su kai wa mai walda ya haɗa musu turakun gola, su ari baro da shebur su cike ramuka da jar ƙasa. Aiki ne na lada, ba wanda ke biyansu ko sisi. Abin da ke karya musu gwiwa shi ne su zuba gumi a fili shekara da shekaru, wata safiya su tarar an kafa turakun awo a tsakiyarsa. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, ko an yi shelar gayya ba zai sake fitowa ba, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Shi ya sa muka ce takarda ce farkon aiki. Dokar ƙasa ba ta bar wannan magana a duhu ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci samarwa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a, a jere ɗaya da hanyoyi da magudanan ruwa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma hurumi a kan filayen karkara, har da keɓe fili don amfanin al'umma. A Jihar Kaduna kuma akwai hukumar KADGIS, wadda aka kafa a zamanin gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i don rajistar filaye. Hanya a buɗe take. Mai unguwa da dagaci da liman da magadan mai fili su zauna, a auna filin, a rubuta iyakokinsa gabas da yamma, kudu da arewa, kowa ya sa hannu, hakimi ya shaida, a kai sakatariyar ƙaramar hukuma a yi masa rajista da sunan al'ummar gari. Kada a rubuta shi da sunan mutum ɗaya, komai amanarsa, domin shi ma yana da magada. Idan mai filin na son ya yi waƙafi, malamai sun san yadda ake yi, kuma sadaka ce mai gudana. Idan kuwa magada talakawa ne da ba su da wani abin dogaro sai wannan fili, adalci shi ne gari ya haɗa kuɗi ya biya su, ko a musanya musu da wani wuri. Ba a gina wa yara wurin wasa a kan haƙƙin marayu.

Inda filin na makarantar firamare ne, wanda shi ne abin da ya rage a garuruwa da yawa, kwamitin kula da makaranta na SBMC yana da bakin magana. Iyaye da malamai da wakilan gari ke cikinsa. Su nemi a fitar da iyakar makaranta a fili, a dasa mata shinge, tun kafin a ce ana gina katanga.

Bayan takarda sai aiki, kuma aikin yana da lokacinsa. Gayyar da aka kira a tsakiyar noman farko ba mai zuwa, kowa na gonarsa. A tsara ta yadda ta dace da shekarar manomi. Kafin ruwa ya sauka, wajen Afrilu, a cike ramuka, a daddaɓe, a fitar wa ruwa hanya ta gefe don kada ya ratsa tsakiyar fili ya yi zaizaya. Da ruwa ya zauna, a Yuni ko Yuli, a yi dashe. Darbejiya na jure fari, awaki ma ba su cika damunta ba. Cediya ba ta buƙatar komai sai a sari reshe mai kauri a kafa, ta kama. Mangwaro na ba da inuwa da 'ya'ya, sai dai a kai shi can gefe, don jifa ba ta ƙarewa a gindinsa. Kowane dashe a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, a kuma damƙa shi ga gida ɗaya da zai riƙa ba shi ruwa idan rani ya yi. Yawancin itatuwan da ake dasawa a bikin dashe ba fari ke kashe su ba, rashin mai su ne. Sannan a watan Agusta da Satumba a sa adda da lauje a sare ciyawa, saboda maciji da kunama. Bayan girbi a yi babbar shara. Itatuwan nan, idan aka jera su a kan iyaka, su ne shaidar da ba ta mutuwa da mutuwar dattawa.

Kayan wasa ba sai an sayo daga Kaduna ko Kano ba. Mai walda na gari zai iya haɗa lilo da bututun ƙarfe, kafinta ya yi benci, mai faci ya ba da tsofaffin tayoyi a binne rabinsu a ƙasa yara su riƙa tsallakawa. Amma a huda kowace taya ta ƙasa, in ba haka ba ta tara ruwa ta zama gidan sauro. A zuba yashi mai kauri ƙarƙashin lilo. A goge bakin ƙarfe inda aka yi walda. A sa mutum ɗaya da zai riƙa duba sarƙa da ƙusoshi duk mako, domin lilon da ya yi tsatsa ya fi rashin lilo haɗari. Da yawa daga kayan da ake kafawa da biki da hotuna, wata shida ba sa kaiwa, saboda an yi tunanin ranar buɗewa ba a yi tunanin ranar gyara ba. Asusu ƙarami, da ma'aji da kowa ya yarda da shi, da karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowace gayya, sun isa su riƙe wurin.

Akwai wata magana da ba a cika son yi ba. A mafi yawan wurare, "filin wasa" ya koma filin ƙwallon manyan samari kawai. Da la'asar ta yi sai su kori ƙanana, 'yan mata kuwa ba a ma lissafa su. Alhali dandalin da muka gada na kowa ne, kuma 'yan mata na da rabonsu a ciki tun asali. Muna kira da a ware ɓangare guda, mai inuwa, kusa da gidaje inda idon iyaye mata ke kaiwa, a bar wa 'yan mata da yara ƙanana. A sa mata a kwamitin kula da filin, ko ta hanyar ƙungiyoyinsu da makarantun Islamiyya, domin su suka fi sanin inda yara ke jin ciwo da wanda ke cin zalinsu. Iyayen da ke tsoron abin da wasan dare ke jawowa suna da hujja, kuma amsarta ita ce a tsayar da lokaci: daga la'asar zuwa kiran magariba, da babba a kusa. Manoma ma a yi musu adalci. A keɓe musu gefe don sussuka da shanya na 'yan makonni, da sharaɗin su share kafin su tashi, a hana manyan motoci shiga kwata-kwata.

Za a ce mana ana fama da tsadar taki da rashin tsaro, wa ke ta wasan yara? Ba mu raina wannan tambaya ba. Mutanen Ikara ba su manta da harin da aka kai masallacin Saya-Saya a watan Satumban 2023 ba, kuma garin da ke cikin fargaba ba ya sakin yaransa. Amma gayyar da muke magana a kai ba ta cin kuɗin taki, safiya ɗaya take ci. Samarin da suka saba fitowa tare, suka san shugabansu, suka san juna gida-gida, su ne waɗanda gari ke samu a shirye ranar da gada ta karye ko gobara ta tashi. Ga kuma annobar shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi. Fili ba magani ba ne shi kaɗai, amma yaron da ke gudu a gaban jama'a har magariba ya fi wanda ke kango sauƙin tsarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989, wadda sashe na 31 nata ya tabbatar wa yaro haƙƙin wasa da hutu, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar kare yara a 2018. A Ruwanda, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata jama'a ke fita aikin gari, abin da suke kira umuganda. Mu ba sai mun aro ba, muna da namu tun kafin zuwan Turawa.

Ga 'yan siyasa, muna maraba da gudummawarsu, amma riga da kofin gasa a jajibirin zaɓe ba su ne buƙata ba. Wanda ke son a tuna da shi ya biya kuɗin awo da rajista, ya aiko da tifar yashi, ya bar sunan filin na gari. Da zarar an manna wa dandali tutar jam'iyya, rabin samarin gari sun janye hannu.

Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ake ta muhawarar abin da za su yi wa jama'a. Ga aiki mai araha a gabansu. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan su umarci kowane kansila ya kawo jerin dandali da filayen makarantun mazaɓarsa, a auna su, a yi musu rajista kyauta. Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya ja hankalin hakimai da dagatai kada su sa hannu a cinikin duk filin da aka san na yara ne. Limamai su yi bayanin waƙafi a huɗubar Juma'a. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya, kuma ranar na faɗowa daidai lokacin dashe a yankinmu. Samarin Ikara da Makarfi da Kudan, ku je wurin mai unguwa tun yanzu a fara maganar takarda, domin ranar ta same ku kuna dasa itatuwa a kan iyakar da aka riga aka rubuta.