Asma a yara: Tsoron maganin shaƙa ya fi illarsa

Da hunturu ya kama, ƙura takan tayar wa yara da dama cutar asma, sai kuma tsohuwar fargabar iyaye ta dawo: ko maganin shaƙa mai siteroyid, irin su budesonide da fluticasone, yana taɓa sinadaran jikin yaro?

Yana taɓawa, amma gwargwadon abin da aka sha. Siteroyid na kwaikwayon kotisol, sinadarin da wasu ƙananan ƙullutai da ke saman ƙoda ke samarwa. Idan maganin ya yi yawa a jini, ƙullutan kan rage aiki. A 2002, wani bincike a Birtaniya ya gano mutum 33 da kotisol ya yi wa mummunar ƙaranci, 28 daga cikinsu yara, akasari masu shaƙar fluticasone mai yawa, daga maikirogiram 500 zuwa sama a kullum. Wasunsu sukarin jininsu ya faɗi har suka suma.

Batun tsayi ma an auna shi. Binciken CAMP na Amurka da Kanada, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna yaran da suka shekara huɗu zuwa shida suna shaƙar budesonide sun girma da ragin kimanin santimita 1.2. Kitsen jini kuwa, wato kolestarol, ƙwayoyin haɗiya irin su prednisolone ne aka fi sani da ɗaga shi. Na shaƙa a ƙa'idar likita bai cika yin tasiri ba, domin huhu yake nufa kai tsaye.

A nan ne matsalar Najeriya take. Tun da kamfanin GSK ya sanar da daina sayar da magungunansa kai tsaye a ƙasar a Agustan 2023, farashin Seretide da Ventolin ya yi tashin gwauron zabo. Magidancin da albashi ko cinikinsa bai kai ba yakan koma kemis ya sayi prednisolone mai araha, wanda ke ratsa jiki duka, ya fi danne kotisol da hana tsayi.

Saboda haka likitoci ke ba da shawarar a tsaya kan mafi ƙarancin adadin da ke riƙe cutar, a kurkure wa yaro baki bayan shaƙa, a riƙa auna tsayinsa, kuma kada a yanke maganin farat ɗaya. Sauran aikin na gwamnati ne: muddin na shaƙa ya gagari talaka, ƙwayar haɗiya ce za ta ci gaba da maye gurbinsa.