Idan Intanet Ɗin Gida Ya Tsaya, Kada A Fara Da Ɗora Wa Yara Laifi



Wani zai ce me ya haɗa wannan shafi da na'urar intanet. Zaman lafiyar gida ne ya haɗa su. A gidaje da yawa a Legas, Abuja, Ibadan da Fatakwal, na'ura guda ce ke ɗauke da kowa. Maigida yana taron ofis ta Zoom, uwargida tana tura wa masu saye hotunan atamfa da turaren wuta, babbar 'ya tana bitar tambayoyin JAMB a kwamfuta, ƙanana suna kallon katun. Ranar da abin ya tsaya, kafin a duba komai an riga an yanke hukunci: yara sun cinye data. A yi faɗa, a ƙwace waya, wani gidan har da duka, sannan a sake sayen data, matsalar kuma tana nan daram. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, irin wannan saye na gaggawa ya ƙara ciwo a aljihu.

Likita ba ya rubuta magani sai ya tambayi inda ke ciwo. Haka ya kamata ku yi. Intanet yana ratsa wurare huɗu kafin ya iso gabanku: kamfanin da kuke biya, na'urar rarrabawa da ake kira rawuta ko ƙanwarta ta aljihu maifai, sai iska ko kebul da ke tsakaninta da ku, sannan wayar ko kwamfutar da ke hannunku. Tambaya ɗaya ce za ta raba muku gardama: kowa ne ya rasa, ko mutum ɗaya? Ku ɗauki waya biyu ko uku, ku kashe datar layinsu, ku bar su a kan waifai ɗin gidan kawai, ku buɗe shafi iri ɗaya. Kashe datar nan yana da muhimmanci, domin waya kan koma kan layinta a ɓoye, ku zaci waifai ne ke aiki.

Idan kowa ya rasa, to ku ƙyale kwamfutoci da wayoyi, ba su da laifi. Ku fara da layin da ke cikin rawutar. Mutane kan duba ragowar datar wayarsu su ce ai akwai, alhali layin na'urar daban ne. A duba shi ta manhajar kamfanin, ko a zare shi a sa a waya a danna *323#, lambar da yanzu duk kamfanonin waya ke amfani da ita wajen duba data. Ku lura da kwanan wata, don data kan mutu da ranarta ko da saura. Tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka kuma yawanci yana da wani mizani da idan an kai shi sai a rage gudu ya koma tafiyar hawainiya. Haka nan layin rawuta shi ma yana buƙatar a haɗa shi da lambar NIN kamar kowane layi, kuma shi aka fi mantawa da shi saboda ba a kira da shi.

In layi lafiya lau, sai a kashe na'urar daga soket, a jira kamar rabin minti, a kunna, a ba ta minti biyu ko uku ta natsu. Gidan da ke da akwati biyu, wato wanda kebul ɗin kamfani ya shigo cikinsa daga waje da kuma rawutar, a fara kunna na kamfanin, sai fitilunsa sun tsaya sannan a kunna ta biyun. Ina roƙonku abu ɗaya: akwai wani ɗan rami a bayan na'urar da ake cusa tsinke ko allura. Kada ku taɓa shi. Ba kashewa da kunnawa yake yi ba, goge duk saitin yake yi, har sunan waifai da kalmar sirri, wani lokaci har da bayanan da ma'aikacin kamfani ya shigar ranar da ya haɗa muku. Gidaje da yawa ƙaramar matsala ce da su, tsinke ya mayar da ita babba.

Sai maganar wuta, wadda a ƙasar nan ita ce rabin ciwon. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta, rawuta tana mutuwa ta sake tashi, taron maigida ya yanke. Wuta mai rauni kuma kan sa fitilu su kama amma na'urar ta riƙa sake kunna kanta. Yawancin rawutocin gida da bolt 12 suke aiki, wasu da 9 ko 5, an rubuta a ƙarƙashinsu. Idan cajarta ta asali ta ƙone aka laƙa mata wata don kawai bakin ya shiga, to kada a yi mamakin yankewa. Akwai ƙaramin batirin ajiyar wuta da ake sayarwa musamman don rawuta a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja ko Banex a Wuse, yana riƙe ta sa'o'i. Masu maifai kuwa su riƙa buɗe bayanta lokaci-lokaci. Barinta a caji dare da rana cikin zafi yana kumbura batirin, kuma batirin da ya kumbura yana iya kama wuta. Da kun ga murfin ya ɗago, a daina amfani da shi, kada a bar shi kusa da katifa ko hannun yara.

Wani lokaci kuma laifin ya fi ƙarfin gidanku da unguwarku. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, sun lalace a gaɓar Kodebuwa, har bankuna suka shiga matsala a Najeriya. A irin wannan rana ba abin da za ku taɓa ya gyaru. Tambayar maƙwabcin da ke kan kamfani ɗaya da ku ta fi kwance na'ura.

To idan kowa na samu, kwamfuta ɗaya ce ta ƙi fa? Nan ne aka fi ɓarnar kuɗi, domin sayen data ba zai yi mata komai ba. Abu na farko da nake so ku duba zai ba ku dariya: agogonta. Kwamfutocin hannu da muke saye suna da wani ɗan batiri mai kama da kwabo a cikinsu, shi ke riƙe kwanan wata. Idan ya mutu sai kwamfutar ta koma shekarun baya, shafuka masu tsaro irin na banki da na makaranta su ƙi buɗewa, su riƙa nuna gargaɗi. A gyara rana da lokaci, a sauya batirin. Bayan wannan, a sa kwamfutar ta manta da waifai ɗin, a sake shigar da kalmar sirri a hankali, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta. Idan yaro ya sa manhajar VPN don wani wasa, a kashe ta a gwada.

In har yanzu shiru, a kira wanda ya fi sabawa da kwamfuta a gidan, wanda sau da yawa shi ne yaron da ake zargi. A Windows, ya rubuta cmd a wurin bincike, baƙin allo zai fito, ya rubuta ipconfig. Kowace na'ura a gida tana karɓar lambar adireshi daga rawuta, kamar yadda ake ba ɗakunan haya lamba. Lafiyayyar lamba yawanci tana farawa da 192.168. Idan kuka ga ta fara da 169.254, ma'anarsa kwamfutar ta nemi lamba ba a ba ta ba, sai ta ƙirƙira wa kanta wadda ba ta kai ko'ina. Maganinsa a sake kunna rawuta, a duba kebul idan da kebul take, sannan a tabbatar an saita ta ta karɓi adireshi da kanta. Kwamfutar da ta fito daga ofis ko shagon buga takardu kan zo da lambar can a kafe, ba za ta yi aiki a gidanku ba sai an cire. Idan lambar daidai ce, ya rubuta ping 8.8.8.8. Amsa ta dawo amma shafuka ba sa buɗewa? To intanet na nan, sashen da ke fassara sunayen shafuka zuwa lambobi ne ya sami matsala, kuma sanya 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbin DNS kan warware shi.

Akwai gidajen da ba su da rawuta, kwamfuta ɗaya ce ke rarraba wa sauran. Windows 10 da 11 suna iya haka, amma na'ura 8 kawai suke ɗauka, kuma da an rufe murfin kwamfutar ko ta yi barci kowa ya yanke. Maifai ma tana da iyakar adadin da take ɗauka, ranar suna ko biki da baƙi suka cika gida, mai gidan ne zai rasa gurbi. Masu bene da suka ƙara rawuta ta biyu su ma su kula. Idan duka biyun suna raba adireshi a lokaci guda, sai a samu rikici irin na gida mai masu unguwa biyu: yau wannan waya ta yi, gobe ta ƙi. A shiga saitin ta biyun a kashe rabon adireshi, wanda aka rubuta DHCP, a bar ta farko da aikin.

Saura jan ƙafa, wato ana samu amma ba gudu. Ku dubi inda kuka ajiye na'urar. Bangon bulo, dakalin kankare, ƙofar ƙarfe, madubi da firji duk suna cin sigina. Wasu iyaye suna kulle ta a kabad ko su kai ta can bayan gida don tsoron kada iskarta ta cutar da yara. Tun a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu gamsasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna raunanan siginar irin waɗannan na'urori suna cutar da lafiya. Ku fito da ita tsakiyar gida, a sama, a sarari. Mai aiki da layin waya kuma ta fi son kusa da taga. Idan taku na nuna suna biyu, mai 2.4 ya fi ratsa bango da nisa amma cunkoso ya yi masa yawa a gidajen haya, har na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana dame shi. Mai 5 ya fi gudu, sai dai ba ya nisa. Abin da ya fi damuna game da lafiyar yara ba iskar ba ce, waifai ɗin da ke kwana a kunne ne su kuma suna kwana a kansa. Rawutoci da yawa suna da saitin da zai rufe wa wasu wayoyi hanya daga ƙarfe kaza na dare.

Game da wanda ya cinye data, akwai shaida, ba sai an yi rantse-rantse ba. A ƙarƙashin rawutar an rubuta adireshin shiga, irin su 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Ku rubuta shi a burauza, za ku ga jerin duk na'urorin da ke kai. Ku ƙirga na gidanku. Abin da ya ƙaru na maƙwabta ne ko na baƙon da aka ba kalmar sirri bara. A sauya ta da doguwa, ba lambar wayar maigida ko sunan auta ba, a kuma sauya kalmar shiga saitin kanta, wadda sau da yawa admin ce tun daga kamfani. Sannan ku tuna laifi tudu ne. Talabijin ɗin falo da ke nuna fim mai tsabta a Netflix yana iya shan gigabait 3 a sa'a guda. Kwamfutar maigida tana sauke sabuntawar Windows ba tare da ta yi sallama ba, sai an saita mata cewa layin na awo ne. Wayar uwargida kuma tana kwashe duk bidiyon zaurukan WhatsApp da zarar ta ji waifai, tana kuma loda hotuna zuwa ma'ajiyar Google.

Idan duk kun bi waɗannan abin bai yi ba, sai a kira kamfani. Layukan waya 300 ne, masu kebul kuma lambarsu na jikin takardar da suka ba ku. Ku faɗa musu launin fitilun da abin da kuka riga kuka gwada, kada su mayar da ku farko, kuma kada ku ajiye waya sai sun ba ku lambar ƙorafi. Idan kwanaki suka wuce ba su yi komai ba, ku kira 622, layin kyauta na NCC, za su nemi wannan lambar.